Garin Neman Gira: Ruwan Koɗar da Hoto da Ladubban Aiki da Shi

Bahaushe bai yi kuskure ba da ya kira aikin fitar da hoto wanki. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin ɗakin duhu, ƙarƙashin jar fitila, ya san cewa tun daga farkon aikin har ƙarshensa takarda daga wannan ruwa take fita ta faɗa wancan. Akwai ruwan da ke bayyana sura, wanda masu sana'a a ƙasarmu ke kira rebelatar; akwai mai ɗan tsami da ke tsayar da aikin na farkon; sannan akwai fiksatar, mai tabbatar da sura domin kada haske ya sake yi mata illa. Waɗannan uku duk yaron da ya yi wata guda a situdiyo ya san su. Amma akwai na huɗu wanda ba a cika kawo zancensa ba, shi ne ruwan da ke koɗar da baƙin hoto bayan an gama wanke shi, wanda littattafan Faransanci ke kira blanchiment, wani lokaci kuma affaiblisseur. Sauran ruwayen ginawa suke yi ko tsarewa. Shi wannan ragewa yake yi, kuma abin da ya rage sau da yawa ba ya dawowa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne tambayoyin da nake samu daga wasu malaman lakkol da shugabannin ƙungiyoyin al'adu masu sha'awar farfaɗo da wankin hoto. Sana'ar baƙi da fari ta daɗe da ja da baya. Injinan wanke hoto mai launi sun fara karya ta a Afirka ta Yamma tun cikin shekarun 1980, kamfanin Kodak ya daina yin takardar baƙi da fari a 2005, sannan salula ta zo ta mayar da kowa mai ɗaukar hoto. Duk da haka aikin bai mutu ba. Har yanzu ana yin takarda a Ingila da sunan Ilford, ana yin ta a ƙasar Cek da sunan Foma, kuma akan sami matashin da ya tono tsohon inji a gidan kakansa yana ƙishirwar ganin yadda sura ke tasowa cikin ruwa. Malamin da ke son buɗe ma ɗalibansa ɗan ƙaramin ɗakin wanki ya yi tunani mai kyau, domin da wuya a sami darasin kimiyya da ya kai wannan shiga rai. Sai dai wanda ya tara ƴaƴan mutane cikin rufaffen ɗaki tare da butaloli masu ruwa ja da rawaya ya ɗauki amana biyu: lafiyar yaran, da kuma hotunan da jama'a za su damƙa masa, waɗanda wasunsu ba su da na biyu a duniya.

Kafin mutum ya zaɓi ruwan da zai yi aiki da shi, wajibi ne ya san abin da ruwan ke ci. Baƙin da muke gani cikin hoto ba tawada ba ce, azurfa ce. Ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya iya rabewa, suna zaune cikin wani siririn danƙo mai suna jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙasusuwan dabbobi a shimfiɗa shi bisa takarda. Inda azurfar ta taru da yawa wurin ya yi baƙi ƙirin, inda ta yi kaɗan ya yi toka-toka, inda babu ita kuwa sai farin takarda. Aikin ruwan koɗarwa shi ne ya mayar da wannan azurfa gishiri mai ɗan fari ko rawaya, irin yadda take kafin haske ya taɓa ta. Daga nan hanya ta rabu biyu. Idan aka bar gishirin cikin jelatin, surar ɓuya kawai ta yi, ana iya sake kiranta ta amsa. Idan kuwa aka narkar da shi da fiksatar ya bi ruwa, to ta tafi ke nan har abada. Tambayar farko da ya kamata mai wanki ya yi ma kansa, tun bai buɗe butali ba, ita ce: hanyar da zan bi tana da komowa ko ba ta da ita?

Ni dai na fara ganin wannan aiki ne a Maraɗi, ina ɗan kwaleji, wajen wani dattijo mai situdiyo, Allah ya jiƙansa da rahama, wanda nake taya aiki lokacin hutu. Ba kowane hoto yake taɓawa da ruwan koɗarwa ba. Cikin goma watakila guda, wanda farin rawani ya dushe, ko aikin wuyan babbar riga ya nutse cikin inuwa. Yakan ɗora jiƙaƙƙen hoton bisa faffaɗan gilashi da ya jingina a kan baho, ya share ruwan da ke samansa, ya naɗa auduga a bakin tsinke, ya riƙe buta cike da ruwa a hannun hagu. Sai ya taɓa wurin da yake so, ya ƙirga uku ko huɗu, ya kwarara ruwan buta, ya duba, ya sake. Wuri guda yakan koma masa sau biyar ko shida. Ran da na tambaye shi dalilin da ya sa bai ƙara ma ruwan ƙarfi ya gama a tashi ɗaya ba, sai ya ce mini: "Ɗana, ka ɗauke hannunka tun kana ganin bai isa ba. In ka jira har ya yi maka daidai a ido, ya riga ya wuce."

Daga baya na fahimci hikimar maganar. Ruwan da ya shiga jelatin yana ci gaba da aiki ko bayan an ɗauke auduga, kuma sa'ad da hoton ya koma cikin fiksatar wurin yakan ƙara haske fiye da yadda aka bar shi. Ga kuma zafin ƙasarmu. Littattafan Turai suna lissafin komai a kan ruwa mai digiri 20, alhali a watannin Afrilu da Mayu ruwan famfo yakan haura digiri 30 ba tare da an ɗora shi a wuta ba. Zafi yana gaggauta aikin magani, yana kuma tausasa jelatin har auduga ta iya yi masa rauni. Shi ya sa maigidana yake yin irin wannan aiki da asuba, da ruwan da ya kwana cikin randa.

Ruwan da ke cikin ɗan butalinsa shi ne wanda aka fi sani a duniya, kuma shi nake ba kowane malami shawara ya fara da shi. Tushensa wani gishiri ne mai jajayen ƙwayoyi da ake kira ferisiyanir na potasiyom, wanda Bajamushe Leopold Gmelin ya gano a 1822. Idan ya narke ruwan yakan zama rawaya. Abokin aikinsa shi ne hipo, uban fiksatar, wanda John Herschel ya gano tun 1819 cewa yana narkar da gishirin azurfa. Wani Baturen Ingila, Howard Farmer, shi ya haɗa su biyun a 1883, kuma har yau da sunansa ake kiran haɗin. Tsohon ma'aunin Kodak ya ce a narkar da giram 37,5 na ferisiyanir cikin rabin litir na ruwa a butali guda, a narkar da giram 480 na hipo cikin litir 2 a wani butalin daban; lokacin aiki a ɗebi mililita 30 na farko da mililita 120 na biyu, a cika da ruwa ya kai litir guda. Wannan ƙarfin ya fi dacewa da nagatif, wanda wasu ke kira kilishe. Ga takarda gara a ƙara ruwa ninki biyu ko uku, har launin ya koma rawaya mai shaƙe-shaƙe kamar ruwan lemun tsami. Da zarar an haɗa su mintoci kaɗan ne rayuwarsu, saboda haka ba a haɗa abin da ya wuce buƙatar lokacin. Haɗin Farmer yana koɗarwa yana narkarwa a tare, ke nan yana cikin hanyar da ba ta da komowa. Bayan an gama sai a mayar da hoton cikin sabon fiksatar, a wanke shi sosai: mintoci kaɗan ga takarda mai rufin roba, kusan awa guda ga takarda mai zare. A kuma kiyaye shi daga ƙarfe, domin langa mai tsatsa ko burushi mai wuyan ƙarfe suna barin shuɗayen ɗigo a kan hoto.

Wanda ke son ƙofar komowa ta zauna a buɗe sai ya sauya abokin aiki. Maimakon hipo, a haɗa ferisiyanir da buromir na potasiyom, giram 10 na kowane cikin litir guda. Hoton da aka tsoma cikin wannan ruwa yakan koɗe har ya zama kamar inuwar kansa, amma azurfarsa tana nan. Idan aka wanke shi aka mayar cikin rebelatar sai surar ta dawo. Sharaɗin kawai shi ne a tabbata an wanke hoton tas daga fiksatar tun da farko, domin ragowar hipo tana mayar da wannan ruwa haɗin Farmer ba da sanin mai shi ba, wuraren haske su tafi. Ta wannan hanya ce kuma ake samun launin ƙasa-ƙasa na tsofaffin hotuna, wanda ake kira sefiya: bayan koɗarwa a tsoma hoton cikin ruwan silfir na sodiyom. Hoton da aka yi ma haka ya fi jure shekaru, amma silfir yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke da guba kuma take lalata takarda da fim ɗin da ba a yi aiki da su ba. A fili ake yin wannan aikin, ƙarƙashin rumfa, tunda ba ya buƙatar duhu. Ga ɗaliban da hannunsu bai faɗa ba, ruwan buromir shi ya fi, saboda kuskuren yaro a cikinsa yana gyaruwa.

Sauran ruwayen da mai karatu zai ci karo da su cikin tsofaffin littattafai kowane da halinsa. Tentur diyod, wanda ake saye a farmasi domin rauni, yana cinye azurfa nan take har zuwa farin takarda. Amfaninsa a kashe ɗan baƙin ɗigo da bakin tsinke, ba a haska fuska ba, kuma dole a bi shi da sabon fiksatar. Farmanganat, wanda iyayenmu mata suka sani wajen wanke salati da ganye, shi ma yana koɗar da hoto idan aka haɗa shi da asid, sai dai yana barin tabo mai ruwan ƙasa da sai bisilfit ke cirewa, yana kuma sa jelatin ya yi laushi, abin da zafinmu ke ƙara tsanantawa. Busassun ƙwayoyinsa in suka haɗu da gilisarin, irin wanda ake shafawa lokacin hunturu, wuta suke kamawa. Bikromat na potasiyom kuwa, mai launin lemu, aikinsa yana da tsabta ƙwarai, amma masana sun tabbatar irin wannan gishirin kurom yana kawo ciwon daji, yana cin fata, yana barin ƙaiƙayin da ke dawowa duk lokacin da aka sake taɓa shi. Tun watan Satumba na 2017 Tarayyar Turai ta hana amfani da shi sai da izini na musamman. Abin da masu ɗakunan gwaji da injinan zuƙe iska suka ɗaure da igiya bai kamata mu sake shi cikin aji ba. Haka nan duk littafin da ya ambaci siyanir na potasiyom tsantsa ko gishirin merkur, waɗanda masu hoton ƙarni na 19 suka yi aiki da su har wasu suka rasa rayukansu, a karanta shi a matsayin tarihi, a rufe.

Akwai wani ruwa da ba ya cikin kayan hoto ko kaɗan, amma shi ya fi kowane yi ma hotunanmu ɓarna, saboda yana cikin kowane gida: jabel. Sunansa ya samo asali daga wani ƙauye kusa da Faris, wanda yau unguwa ce cikin birnin, inda aka fara yin sa a ƙarshen ƙarni na 18. Tunda yana fitar da tabo daga farin yadi, mutane sukan zaci zai fitar da shi daga hoto. Shekarun baya wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta zo mini da hoton mahaifinta naɗe cikin ɗankwali. Hoto ne na shekarun 1960, yana zaune bisa kujera da alkyabba. Damina ta bar masa tabo a gefen fuska, sai wani jikanta, da kyakkyawar niyya, ya goga masa auduga da jabel. Jabel bai tsaya ga tabo ba, ya narkar da jelatin ɗin kansa, ya tafi da rabin fuskar. Ta ce mini: "Mushe, an ce kai ka san aikin nan. Ba yadda za a yi?" Na ce: "Inna, da akwai nagatif da mun sake wanko wani. Wannan kam abin da ya tafi ya tafi." Situdiyon da ya ɗauki hoton ya daɗe da rufewa. Ta naɗe abinta ta ce ita dai tana tuna kamanninsa, jikokin ne ba za su sani ba. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira garin neman gira a rasa ido.

Jabel yana da wani laifin cikin ɗakin duhu. Idan ya haɗu da ruwan tsayarwa mai tsami yana fitar da iskar kulor mai shaƙe numfashi, idan ya haɗu da fiksatar mai amoniyak ya fitar da wata iskar mai ƙona ido da huhu. Ko wanke baho da shi bai kamata a yi ba. Ferisiyanir ma, duk da cewa gubarsa kaɗan ce, tunda siyanir ɗin da ke cikin sunansa a ɗaure yake tam da ƙarfe, yana da abokan gaba biyu: asid mai ƙarfi, irin ruwan batir, da kuma zafi mai tsanani. Su ne ke kwance ɗaurin su saki iskar da ke kashewa, kuma ba kowane hanci ne ke jin warinta ba. Hasken rana ma yana warware shi a hankali, shi ya sa ake ajiye shi cikin butali mai duhu, nesa da duk wani asid.

Sauran ladubban ba su da wahala, mantuwa ce kawai ke cin su. Malami shi kaɗai ke auna gari ya narkar, da safar hannu da tabarau, inda iska ba ta kaɗawa, kafin ɗalibai su shigo. Yara da tsarmakakken ruwa kawai za su yi aiki, da hantsaki, ba da yatsu ba. Idan aiki ya buƙaci asid, asid ake zubawa cikin ruwa sannu a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Ɗaki ya kasance da mashigar iska da mafitarta, ko da an toshe haske. Ba a ci, ba a sha, ba a tauna goro a ciki. Kowane butali a rubuta masa sunansa da ranar haɗa shi, da Hausa da Faransanci, a kulle cikin akwati. Abin da na fi jin tsoro shi ne al'adarmu ta zuba komai cikin tsohuwar gorar lemo ko ta ruwan sha: rawayan ruwa cikin gorar lemo, a ɗakin da yara ke shiga da ƙishirwar azahar, tarko ne aka ɗana. Idan ruwa ya fantsama cikin ido a wanke da ruwa mai tsabta minti 15 ba tsayawa. Idan wani ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɓata lokaci wajen ɗura masa madara ko manja. A kai shi gidan likita tare da butalin, domin a ga abin da ya sha.

Ragowar ruwa kuma ba a watsa ta a tsakar gida inda kaji da awaki ke kiwo, ko kusa da rijiya, ko cikin tabki, domin ferisiyanir da rana ta buga yana kashe kifi, tsohon fiksatar kuma cike yake da azurfa. A tara kowane iri cikin jarkarsa mai suna, kada a gauraya su, a nemi shawarar malamin kimiyya na lise mafi kusa. Soson ƙarfe da aka jefa cikin tsohon fiksatar yana janye azurfar ta kwanta a ƙasa. Amma maganin da ya fi duka shi ne a haɗa kaɗan: cokali guda na ferisiyanir yana isar ƙaramin kulob na lakkol watanni.

Bayan lafiyar jiki akwai wata tambaya da ta shafi gaskiya. Ba'amurken nan Eugene Smith, ɗaya daga cikin manyan masu hoton jarida na ƙarni na 20, ya shahara da aiki da ferisiyanir. Yakan wanke hoto da duhu sosai sannan ya tono haske daga ciki da burushi. Cikin hotunan da ya ɗauka a wani ƙauyen Ispaniya a 1950, waɗanda mujallar Life ta buga a 1951, akwai na wasu mata zaune gaban gawa. Masu nazarin aikinsa sun nuna cewa ya taɓa idanun wasu daga cikinsu, ya sake musu fari a wani gefe, domin kallonsu ya koma ga mamacin. Hoton ya ƙara ratsa zuciya, amma har yau ana muhawara ko abin da ya yi gyara ne ko ƙari a kan abin da ya faru. Mu ma muna da irin tamu. Ɗaukar baƙar fata kusa da farar shadda aiki ne mai wuya: in riga ta fito, fuska takan nutse. Ɗan taɓa goshi da kumatu domin a dawo da abin da ido ya gani a zahiri yana cikin sana'a. Sai dai na sha jin masu hoto ana roƙonsu su wuce nan. Na ji maigidana yana amsa ma wata da ta nace: "Hajiya, hasken da Allah ya ba ki zan fito miki da shi duka. Wanda bai ba ki ba, ba ni da shi a butali." Ya kamata malami ya koya ma ɗalibansa wannan iyaka tare da ma'aunin giram, domin yaron da ya saba ganin kyau cikin koɗaɗɗiyar fuska a takarda, wata rana a jikin mutum zai neme shi.

Saura zancen hotunan da ke cikin akwatunanmu. Duniya ta san Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyo a Bamako a 1948, ta san Malick Sidibé, wanda ya karɓi lambar Zakin Zinariya a Benis a 2007, ta kuma san Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar Yamai cikin shekarun 1960 da 1970, saboda nagatif ɗinsu sun tsira, aka sake wanko su. Inda akwai nagatif, ruwan koɗarwa in ya wuce gona da iri takarda guda aka yi hasara. Amma akasarin hotunan da ke gidajen Damagaram da Tawa da Maraɗi marayu ne, nagatif ɗinsu gara ta ci ko an zubar ran da aka rufe shago. Irin waɗannan babu ruwan da ya halatta a kansu, ko mai komowa ne, domin tsohon jelatin da ya sha damina hamsin ba ya jure jiƙa, kuma masu adana kayan tarihi da kansu suna guje ma wannan hanya. Kada kuma a manne su cikin roba da injin zafi kamar katin shaida, shi ma aiki ne da ba ya warwaruwa.

Ƙungiyar da ke son yi ma al'umma hidima ta fara da abin da ba ya cutarwa. Ta bi gida-gida da izinin masu su, ta sake ɗaukar kowane tsohon hoto da kyamara ko na'urar kwafi, ta yi duk gyaran da take so a kan kwafin cikin kwamfuta, ta mayar da na asali cikin ambulan na takarda, wuri busasshe, nesa da rana da bango mai raɓa. A zauna da tsofaffi tun suna raye a rubuta da fensir a bayan ambulan sunan wanda ke ciki da gari da shekara. Ɗalibai kuwa su koyi koɗarwa a kan hotunan da suka ɗauka da kansu, su fara da waɗanda suka lalace, da ruwa mafi rauni, da buta a hannun hagu. Allah ya sa mu bar ma na baya fuskokin na gaba kamar yadda muka same su.